Gonar Takwararki Tana Ƙarƙashin Kacala

Haɗeja,
daren Juma'a.

Zuwa ga 'yata Ummi,

 Ina fata kina lafiya, ke da abokan aikinki, kuma sanyin dajin nan bai takura miki ba. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, jiya da kanta ta taka ta je barkar suna a bayan masallaci. Yayanki ya dawo daga Maigatari, ya ce kasuwar dabbobi ta yi tsada bana.

Tun daren Talata da muka yi waya wata magana taki ta tsaya mini a rai. Kina ba ni labarin awon da kuke yi a bakin kogi, muryarki cike da murna, sai kika ce, "Baba, in ka ga ruwan da ke wucewa a banza duk damina, sai ka ji kamar ka yi kuka." Na ce miki Allah Ya taimaka, don layin yana yankewa, kuma maganar ta fi ƙarfin waya. Amma daren nan na daɗe ban runtsa ba. Na taɓa jin wannan magana, kusan kalma da kalma, a 1976, ranar da aka kwashe mu daga kwalejin horon malamai aka kai mu Tiga mu ga dam. Kafin in kai ki can sai na fara faɗa miki daga inda muka fito, domin wanda bai ga 1973 ba ba zai gane abin da muka ji a ranar ba.

Shekarata 14 a lokacin. Damina biyu a jere ruwan sama ya yi gardama. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya kwanta. Fulani suna ba da saniya a kuɗin akuya, mai saye kuma yana jan ƙafa. Buzaye suka dinga gangarowa daga arewa da 'ya'yansu, ba raƙumi ba tunkiya, suna zama a gindin bishiyoyin bakin kasuwa. Tsofaffin garinmu suka ce tun yunwar Kakalaba ba su ga irinta ba. Mu mutanen fadama mun fi na tudu dama-dama, har dangi suka zo suka zauna wurinmu, ana shiga sauran tafkunan da ba su ƙafe ba ana tono bado a dafa wa yara. Na ga takwararki, Inna mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, tana raba tuwo da ludayi don kada wani ya fi wani.

A irin wannan zamani ne Gwamna Audu Bako yake gina madatsun ruwa. Ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma Haɗeja a lokacin cikin Kano take. Ya yi Bagauda, sannan aka kama aikin Tiga a kan Kogin Kano, aka gama a 1974. Har gobe in aka ambaci sunansa mutane kan ce Allah Ya jiƙansa, ni ma ina faɗa, kuma da zuciya ɗaya nake faɗa. Mutum ne da ya ga ƙasarsa tana jin ƙishirwa ya tashi ya nemo mata ruwa.

Da muka sauka daga mota a Tiga, sai ga bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6, bayansa kuma ruwa iya ganinka, kusan lita tiriliyan 2 in ya cika. Wasu cikinmu ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙetarensa ba. Ma'aikacin da ya zagaya da mu ya miƙa hannu ya ce, "Duk wannan da a banza yake wucewa, ya je ya baje a daji rana ta shanye." Muka tafa masa, har da ni. Uwata, dajin da yake nufi garinmu ne. Sai bayan shekara 20 na gane haka.

Bari in faɗa miki aikin da ruwan yake yi a wannan dajin, don ke ba ki tarar ba. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa a kudancin birni su zama Kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil, ya bi ta Ringim, ya iso nan. Daga nan ƙasa ta kwanta, ba gangare, sai tsofaffin tuddan yashi da kwari a tsakaninsu, don haka kogin ba ya iya tafiya a hanya ɗaya. Yakan rabu: reshen Kafin Hausa, tsohon Kogin Haɗeja, Burum Gana, da Marma mai zuwa tafkin Nguru. Ta kudu kuma Kogin Jama'are yana tahowa daga duwatsun Jos da Bauchi. Gonar takwararki a gefen Marma take, wadda ta gada wurin mahaifinta, da wata giginya a kusurwarta ta gabas.

Da ruwan shuka ya sauka sai a watsa shinkafa a busasshiyar fadama, ta tsiro da ruwan sama, ta yi ƙarfi. Can cikin Agusta sai ka ji yara suna ihu ruwa ya iso. Ba ya zuwa da hauka. Yau ya taɓa idon sawu, jibi ya kai ƙwauri, shinkafar tana miƙewa tare da shi, kanta kullum a sama. Yana tafe da jar laka daga ƙasar Kano ya shimfiɗa mana, shi ya sa ban taɓa ganin buhun taki a gidanmu ba ina yaro. Kifi kuma yana biye da shi, tarwaɗa da karfasa da bargi da kurungu, su shiga cikin ciyawa su yi ƙwai, 'ya'yan su girma a inda babban kifi ba ya iya binsu. Wajen Nuwamba ruwa ya fara ja da baya, a yanke shinkafa. Duk inda ya janye a bi sawunsa da wake da dankali da rogo, ba jigo ba ban ruwa, danshin da ya bari ya ishe su. Masunta su tare bakin magudanai su kama kifin da ke komawa kogi, a yi banda, a kai Nguru a loda a jirgin ƙasa. Bayansu Fulani su sauko daga tudu, shanu su ci ciyawar burgu da ragowar gona, su bar taki. Da bazara mata su fita kwasar kanwa a inda ƙasa ta yi fari, wasu su yanko kaba. Fili ɗaya ne, amma manomi da masunci da makiyayi da mai kanwa duk suna ci a cikinsa, kowa da watansa, shi ya sa ba su cika karo ba. Rijiyoyin mutanen tudu ma, masu nisa da kogi, daga wannan ambaliya suke sha, don wani kason ruwan ƙasa yake nutsewa.

Sai kuma abin da ban taɓa ɗauka a bakin komai ba: kogin yakan ƙafe. Daga Maris zuwa saukar damina da ƙafa muke ƙetare Marma, yashi yana ƙona mana tafin sawu. Muna bin tsagewar taɓo muna tono gaiwa, wadda ta naɗe kanta a cikin busasshiyar laka tana jiran damina. Kacala kuwa mun san ta tun a lokacin, 'yar ciyawa ce a bakin tafkuna biyu ko uku da ba sa ƙafewa, ana yanka a yi jinka. Ba wanda ya taɓa tsoronta. Duk inda ta yi ƙoƙarin yaɗuwa, rani ya gasa saiwarta, shanu su tattake, in damina ta yi babban ruwa ya zo ya kwashe abin da ya saura tare da yashin da ya taru. Da rani da ambaliya suke mana sharar kogi duk shekara, mu kuwa ba mu ma san ana yi ba.

Bayan Tiga abin da muka fara gani shi ne ruwan Agusta ya rage. Wuraren da yake kaiwa da, sai ya tsaya nesa da su. Ba mu ɗora wa kowa laifi ba, don ruwan saman ma ya yi ƙaranci, ga farin 1984 da ya zo ya sake durƙusar da mutane. Gaskiya ce fari yana da nasa kason, kada ki yarda wani ya ce miki duk dam ne. Amma masu aikin kare fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda suka buɗe ofis a Nguru a 1987, sukan hau ƙaramin jirgin sama su auna faɗin ambaliya. Filin da ruwa ke rufewa ya kai murabba'in kilomita 2,000 a farkon shekarun 1970, amma a farkon shekarun 1990 bai kai 1,000 ba. A 1992 kuma aka gama dam ɗin Calawa a ƙasar Ƙaraye. Su biyun suka riƙe kimanin kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja.

Abu na biyu shi ne wanda ya yaudare mu, domin da fuskar alheri ya zo. Kogi ya daina ƙafewa. Ana sakin ruwa daga dam duk rani saboda birnin Kano ya sha, saboda gonakin Kadawa da Kura, daga baya kuma saboda shingen ruwan da aka yi kusa da Auyo, ragowar kuwa ta gangaro mana. Ruwa a Marma cikin Afrilu! Mun yi murna ƙwarai. Lokacin ne gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, a 1987, injinan ban ruwa suka cika fadama, aka sare itatuwa aka yi gonakin alkama, samari suka sayi babura. Na tuna wani dattijo masunci, abokin kakanki, yana zaune a kan gorarsa yana duban ruwan nan mai tafiya a hankali, ya ce shi dai bai saba ganin kogin da ba ya hutawa ba. Ba wanda ya tanka masa.

Kin karanci ruwa, don haka za ki riga ni gane abin da ya biyo baya. Kacala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya ƙafewa. Abin da aka shimfiɗa mata ke nan daga Haɗeja har Nguru. Kanta kamar zangarniyar gero yake, in ya nuna sai ya fashe ya zama kamar audugar rimi, iskar hunturu ta ɗauka ta watsa ko'ina. A ƙarƙashin laka kuma saiwarta tana rarrafe tana fitar da sababbi. Ranin da ke gasa ta babu shi, babban ruwan da ke tumɓuke ta an tsare shi a bayan bango. Ta kama gefen kogi, ta rage wa ruwa gudu. Ruwa ya rage gudu, ya sauke lakar da yake ɗauke da ita. Laka ta taru, zurfi ya ragu, kacala ta sami sabon wurin tsayawa ta ƙara matsowa tsakiya. Haka shekara da shekara, taku ɗaya taku biyu, ba ranar da za ka nuna ka ce yau abin ya faru. In ka yanke ta a sama ta sake tohowa, in ka sa mata wuta ta fito kore shar kamar ka yi mata taki. Sai an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, saiwar ta rasa numfashi, sannan take mutuwa, wannan kuwa aiki ne na shiga ruwa iya ƙirji da lauje, ga matsattsaku, ga kaifin ganyenta yana tsaga hannu.

Da ta toshe bakin tsohon Kogin Haɗeja da Burum Gana, ruwa ya rasa hanyarsa ta gabas, sai ya juya kusan gaba ɗaya ya bi Marma. Daga wajen Likori abin ya rabu gida biyu: na gefe ɗaya suna kukan ruwa ya bar su, na ɗaya gefen suna kukan ruwa ya ƙi tafiya. Garuruwan Burum Gana suka wayi gari kwalekwalensu a kan yashi. Gashuwa da Geidam, har zuwa masu noman tattasai na Diffa a Nijar, waɗanda Kogin Yobe ke shayarwa kafin ya faɗa Tafkin Cadi, suka koma dogaro da abin da Jama'are ya kawo. Mu kuma na Marma ruwa ya hau gonakinmu ya zauna, damina da rani, wasu shekarun har ya yanke hanyar mota tsakanin Haɗeja da Nguru.

Gonar takwararki ba rana ɗaya ta tafi ba. Shekarar farko kusurwar yamma ce ba ta bushe ba, muka ce bana dai an yi ruwa. Ta biyu sai ga kacala a wurin, ni da baffanki muka shiga muka yanke. Ta uku muka kira gayya, mutum fiye da 30, aka yi tuwo aka yi kiɗa, muka share ta tas, kafin watan azumi ya zagayo ta dawo ta fi da. Shinkafar ƙarshe da muka ɗauka a gonar nan a 1999 ne, shekara 25 cif bayan gama Tiga, kuma ba ta cika buhu uku ba. Da na je na gaya wa Inna cewa bana ba za a shuka ba, tana zaune tana tsince wake a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ruwan wa ye?" Na ce na Allah ne, Inna. Ta ce, "Na Allah yana zuwa ya tafi." Ba ta sake yi mini maganar gonar ba har ta rasu, kina da shekara uku. Amma duk kaka sai ta sa a sayo mata ɗanyar shinkafa a kasuwa ta turara da kanta a tsohuwar tukunyarta, ta shanya a tsakar gida, kamar yadda ta saba.

Abin bai tsaya a kan masu gonar fadama ba. Kacala ta zama gidan jan baki. Da can tsuntsun nan sai ya sha wahalar neman wurin kwana da ruwan sha da rani. Yanzu ga duhuwa mai faɗin gari da gari, ruwa a ƙarƙashi, ba maciji ba yaro mai danƙo da zai kai gare shi. Da asuba sai ka ga sun tashi kamar hayaƙi, su sauka a gonar gero ko shinkafa, kafin hantsi sai kara. Manomin tudu da bai taɓa taka Marma ba, shi ma ya shiga ciki. Ina shugaban makarantar firamare a lokacin, kuma duk kaka ajina rabi ne, yara suna gona tun duhu da gwangwani da igiya suna kora. Waɗanda suka zo kuma, wasu zazzaɓi ya kwantar, don sauro ya daina yin rani, wasu suna fitsarin jini saboda tsargiya, don katantanwar da ke ɗauke da ita ta sami ruwan zama. Burgu ya ɓace a inda kacala ta hau, mashaya ta toshe, burtali ya nutse, sai makiyayi ya ratsa ta gonar da ba a girbe ba don ba shi da wata hanya. Rigimar da kike ji a ƙasar Guri da Kiri Kasamma tana da dalilai da yawa, ban ce wannan kaɗai ba ne, amma na san lokacin da manomi ke aika wa Bafulatani goro don ya zo ya kwana da shanunsa a gonarsa. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan kam waɗanda ruwan ya doka ba su san ma an ja shi ba.

Wani abin da ba wanda ya hango shi a 1974 shi ne taswira za ta canza. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano, aka cire Yobe daga Borno. Makullin ruwa ya zauna a wata jiha, kacala tana wasu jihohi biyu. Sai a 2006 jihohi shida da kogunan nan suka ratsa, Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka zauna a Damaturu suka kafa asusu don gyaran kogin. An yi aiki, ba na musu. An buɗe wasu hanyoyin ruwa, gwamnatin Jigawa ta sayo motocin tono masu tafiya a kan ruwa, ƙauyuka suna fita gayya har yau, a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kuma an yi binciken mayar da kacala abincin dabbobi da iskar gas ta girki. Ina yi musu fatan nasara. Sai dai muddin ruwa yana kwance wata 12, abin da aka share bana yana nan tafe baɗi. Kuma ba mu kaɗai ba ne: a Kogin Senegal, bayan an gama dam ɗin Diama a 1986 don hana ruwan gishiri shigowa daga teku, ciyawar nan ce ta mamaye bakin kogin, har suna yin gawayi da ita. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Kada ki karanta wannan ki ɗauka ina cewa da ba a gina Tiga ba. Ba zan iya faɗar haka ba, ko don baffanki. Da gona ta tafi, Kura ya koma, ya fara da ƙwadago a gonakin kanal, ya zo ya kama hayar fili, yau ga shi da injin casar shinkafa. Shekararki ta biyu a jami'a, lokacin da kuɗin fanshona ya makale, kuɗin rajistarki daga injin nan ya fito, wato daga ruwan Tiga. Miliyoyin mutanen birnin Kano shi suke sha. Tumatirin Kadawa da ake lodawa a Kwanar Gafan har Legas yake kaiwa. Duk wannan gaskiya ne, kuma ina ganinsa da idona duk lokacin da na bi hanyar Zariya. Abin da ke ci mini rai shi ne lissafin da aka yi tun farko. An ƙirga buhunan da kanal zai bayar, ba a ƙirga na Inna ba, don nata ba ya shiga littafin kowa. A farkon shekarun 1990 wasu masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka zauna suka yi wannan lissafi: noma da su da itacen da fadama ke bayarwa a gefe ɗaya, amfanin gonakin kanal a ɗaya gefen. Suka tarar in aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadama ta fi bayarwa nesa ba kusa ba. Lissafin ya zo ne bayan bango ya riga ya tsaya.

Shi ya sa nake rubuto miki tun kuna matakin awo, tun abin yana kan takarda. Ban san kogin da kuke aunawa ba kamar yadda na san namu, kuma ba ni da ilimin da zan gyara miki zane. Roƙona kaɗan ne. Kafin ki sa hannu a rahoton da ya ce ruwa yana wucewa a banza, ki nemi izinin shugabanki ki bi ruwan nan ki ga inda yake wucewa ya je, ko da tafiyar kwana uku ce, ko da ya ƙetare jiha. Inda ya baje ya ɓace, nan za ki sauka. Ki nemi sarkin ruwa, ki nemi arɗo, ki nemi tsofaffin mata masu turara shinkafa, ki gaishe su yadda aka koya miki, ki zauna a ƙasa. Kada ki tambaye su ko suna son dam, za su ce miki suna so, don ba wanda ke ƙin ruwa, kuma suna ganin baƙuwa ce daga gwamnati. Ki tambaye su wane wata ruwa ke zuwa, wane wata yake tafiya, me suke yi a kowanne. Ki tambaye su musamman abin da ke faruwa a watannin da kogin yake a bushe, me ke mutuwa a lokacin, don mu wannan ne ba wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu tambayi kanmu ba.

In kuma aikin ya tabbata, ki yi magana a kan ƙofofi. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a dinga sakin babban ruwa daga dam cikin damina, ya yi kama da ambaliyar da, sannan a rage sakin rani yadda hanyoyin ruwa za su sami bushewa. Wannan ba ya yiwuwa sai an yi mafitar da za ta iya ɗaukar ruwan tun a zane. Ƙofar da aka zana ƙarama haka za ta zauna har jikokinki. Na san ke ƙarama ce a wurin, kuma mace a cikin maza, wataƙila a ce ki bari manya su yi magana. Ki faɗa da ladabi, ki kuma rubuta a takarda a sa a fayil. Ina yawan tunanin Jama'are ma. Shi kaɗai ya rage yana zuwa da ambaliyarsa yadda Allah Ya halicce shi, kuma dam ɗin Kafin Zaki da aka fara a ƙasar Ningi tun zamanin Shagari, aka tsaya, aka sake tasowa, har yau maganarsa ba ta mutu ba. Wata rana irinku za a kira a ce ku duba takardunsa.

In kin sami hutu bayan Sallah ki zo ta nan kafin ki wuce Kano. Na yi magana da ɗan abokina mai kwalekwale, ya ce akwai 'yar hanya da masunta suka yanka a cikin kacala, in an bi ta da sassafe ana kaiwa kusa da gonar kafin rana ta yi zafi. Ki taho da takalmin roba da riga mai dogon hannu saboda kaifin ganye. Ba za ki ga ƙasa ba, ruwa ne iya ƙugu, amma giginyar tana nan. Ta mutu tun tuni, kan ya faɗi, sai gangar jikin a tsaye ta zarce ciyawar, ana hango ta daga nesa. Daga gindinta in kika fuskanci yamma, taku 120 ne zuwa iyakar gonar. Ni na auna da ƙafata ina yaro, ina so ke ma ki auna da na'urarki ki rubuta mini a takarda in ajiye.

Mahaifiyarki ta ba direban motar Litinin ƙullin kifi banda da daddawa da kuka, ta ce ki raba da matar da kike kwana a gidanta. Ta ce kuma ki daina wasa da cin abincin safe. Yayyenki da 'ya'yansu duk suna gaishe ki. Ki gaishe mini da shugaban aikinku.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki, Ya sa ki gama lafiya.

Mahaifinki.